Wuni Guda A Siri Lanka: Dutsen Sigiriya Da Kogon Dambulla

Yau tafiya za mu yi mai nisa, amma ba sai an nemi izinin maigida ba, ba kuma sai an ɗauko mayafi ba, domin tafiyar kunne ce. Ni ce jagora. Za mu fita da asuba, mu hau wani dutse da wani sarki ya gina fada a kansa, mu sauko mu ci abinci, da la'asar mu leƙa wani kogo da mutane suka shafe sama da shekara 2,000 suna ibada a cikinsa, sannan mu koma masauki.

Ƙasar ita ce Siri Lanka, wani tsibiri a ƙasan Indiya, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Kada sunan ya ba ki tsoro, kin san ta tun tuni. Ita ce Sarandib ɗin nan da kike ji a bakin malamai lokacin tafsiri, inda wasu ruwayoyi suka ce a nan Annabi Adamu Alaihis Salam ya sauka. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya je can a 1344 ya hau dutsen da ake dangantawa da Annabi Adamu, kuma shi ne dai bayan shekara 9 ya biyo ta Takedda, a cikin ƙasar Nijar ta yau. Kirfar da kike sawa a shayi, mai kyaun daga can take fitowa. Ganyen shayin ma haka, domin Baturen nan Lipton a 1890 ya sayi gonakin shayi a tsibirin. A da ana kiran ƙasar Silon, sai a 1972 aka sauya suna. Mutanenta sun kusa miliyan 22. Cikin kowane mutum goma, bakwai mabiya addinin Budda ne, ɗaya Musulmi, sauran 'yan Hindu da Kirista.

Masu kai baƙi wannan yawo sukan ɗauko su daga Kolambo, babban birnin kasuwanci, ko daga Kandi da ke cikin tsaunuka. Daga Kolambo tafiyar ta kai awa huɗu a mota, shi ya sa ake sammako. Mai wayo yakan so ya kama hawan dutsen kafin rana ta take, don wurin akwai zafi da gumi.

Tun daga nesa za ki hango shi. Ƙasa shimfiɗe, daji kore shar, sai ga wani jan dutse ya miƙe tsaye shi kaɗai kamar an kifa turmi. Tsayinsa daga ƙasa ya kai mita 180, ki ce bene mai hawa 60. Sunansa Sigiriya, ma'ana Dutsen Zaki. Amma kafin mu taka matakala ko ɗaya, ki gyara zama in ba ki labarin yadda aka yi har mutum mai mulki da dukiya ya bar birninsa ya zo ya maƙale a can sama. Labarin gida ne, irin wanda ni da ke muka sani, sai dai shi gidan na sarauta ne, saboda haka ɓarnarsa ta shafi ƙasa baki ɗaya.

A cikin ƙarni na 5 na Miladiyya an yi wani sarki a birnin Anuradhapura mai suna Dhatusena. Jarumi ne, shi ya kori mayaƙan kudancin Indiya da suka mamaye ƙasar sama da shekara 20. Ma'aikaci ne kuma. Shi ya gina wani ƙaton tafki mai suna Kala Wewa, aka ja ruwa daga cikinsa ta wata hanya mai tsawon kilomita 87 har zuwa birni. A farkon hanyar nan gangaren bai wuce santimita 10 a kowace kilomita ba, wato bai kai tsawon tafin hannunki ba, kuma ruwan yana tafiya. Har gobe manoman shinkafa suna shan moriyar tafkin.

Sarkin nan yana da 'ya'ya maza biyu. Kashyapa, wanda uwarsa ba jinin sarauta ba ce, da Moggallana, ɗan sarauniya. A nan ƙasar Hausa ɗan ƙwarƙwara yana sarauta, an yi su da dama, ba wanda ya ce uffan. A can kuwa ana duba dangin uwa, don haka kowa ya san gadon na Moggallana ne. To, kin ga an riga an shuka 'yan ubanci.

Amma ba daga wajen 'ya'ya mazan wutar ta tashi ba. Sarki yana da 'ya mace da yake ji da ita kamar ransa. Ya aurar da ita ga ɗan 'yar'uwarsa mai suna Migara, auren zumunci ke nan, ya kuma naɗa shi shugaban mayaƙa. Wata rana Migara ya sa bulala ya zane matar nan a cinyoyi, ba ta yi masa laifin komai ba. Uban ya ga jini a jikin tufafinta, ya tambaya, aka gaya masa. Me kike tsammani ya yi? Bai taɓa Migara ba. Sai ya sa aka kamo uwar Migara, 'yar'uwarsa ta jini, aka tuɓe ta aka ƙone ta da ranta.

Ki tsaya nan kaɗan, uwargida. Namiji ya yi duka, mace aka doka, kuma da aka tashi ramuwa mace aka ƙona. Littafin da ya kawo labarin, ana kiransa Culavamsa, bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Babu sunan 'yar, babu na gwaggonta, babu na uwar Kashyapa. Ya ambaci sunayen tafkuna da na wuraren ibada, amma matan da rikicin ya bi ta kansu sai dai a ce 'yar wane, uwar wane. Duk sa'ad da na karanta wannan wuri sai raina ya ɓaci.

Migara ya haɗiye abin, ya koma gefe yana zuga Kashyapa. Da haɗin bakinsa, tunda sojoji a hannunsa suke, Kashyapa ya kama mahaifinsa ya ɗaure, ya haye gado. Wannan a wajen shekara ta 477 ne, sama da shekara 90 kafin haihuwar Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam. Migara bai ƙoshi ba. Ya ce wa sabon sarki ai tsohon nan ya ɓoye dukiya yana ajiye wa ɗan lelensa. Aka matsa wa Dhatusena ya faɗi inda take. Da ya ga ba makawa kashe shi za a yi, sai ya ce a kai shi Kala Wewa zai nuna musu.

Aka sa shi a wani keken doki. A hanya mai tuƙin yana cin gasasshen hatsi, sai ya ɗiba ya miƙa wa tsohon sarki. Allah Sarki, mutumin da jiya ake dafa masa kala-kala. Dhatusena ya ci, ya ji daɗin abin, ya rubuta masa 'yar wasiƙa a ganye ya ce ya ajiye, duk ranar da Moggallana ya samu mulki ya kai masa. Da suka isa tafkin ya shiga ya yi wanka, ya sha ruwan, sannan ya nuna tafkin ya ce wa 'yan rakiya wannan ita ce dukiyarsa, ba shi da wata. Da labari ya koma wa Kashyapa sai ya ɗauka raini ne. Ya ba Migara umarni. Aka tuɓe tsohon, aka sa masa sarƙa, aka tsayar da shi cikin bango aka shafe da laka, yana numfashi.

Moggallana kuwa, yayan nasa ya tura masa mai kula da dawaki da mai dafa abinci su kashe shi, abin bai yiwu ba, ya tsallaka teku ya gudu Indiya. Tun daga ranar Kashyapa bai ƙara barci da ido biyu rufe ba. Ya san ƙanen zai dawo. Wannan tsoro, in ji littafin, shi ya sa ya bar Anuradhapura ya zo ya gina sabon birni a gindin dutsen nan, fadarsa kuma a can ƙololuwa.

To, yanzu mu shiga. Baƙo daga waje yana biyan kuɗin shiga da tsada sosai fiye da ɗan ƙasa. Da farko za ki tsallake wani faffaɗan rami mai ruwa da ya kewaye wurin, da ganuwar ƙasa, sai ki faɗa cikin lambu. A nan ne mutum zai fara shakkar maganar tsoro. Mai gudun ceton rai yana da lokacin tsara lambu? Hanya ce miƙaƙƙiya ta nufi dutsen, dama da hagu tafkunan wanka masu matakala, abin da ke dama shi ne ke hagu daidai wa daida. A ƙarƙashin ƙasa an binne hanyoyin ruwa. Akwai wasu fararen duwatsu masu faɗi da aka huhhuda kamar matankaɗi, ruwa na gangarowa daga tudu ta ƙarƙashin ƙasa, nauyinsa ya tura shi ya riƙa tsartuwa sama ta hudojin. Babu inji, babu famfo. Kuma in damina ta yi ƙarfi har yau suna tsartuwa, bayan shekara 1,500. Ke da famfon unguwarku ya kwana biyu bai kawo ba, kya ji abin a ranki.

Gaba kaɗan sai manyan duwatsu birjik, hanya na ratsawa ta tsakaninsu. A ƙarƙashin wasu akwai ƙananan kogwanni. In jagora ya nuna miki goshin kogon za ki ga an sassaƙa wata 'yar kwata a jikinsa, aikin indararo take yi, ta hana ruwan sama gangarowa ciki. Wannan aikin ya girmi Kashyapa nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam sufayen addinin Budda ke zaune a wurin, mutanen nan masu aske kai suna yafa ƙyalle ruwan goro, ba sa aure, sadaka suke ci. An ce da sarki ya zo sai ya gina musu wani wuri a dutsen Pidurangala da ke kusa, ya mai da su can.

Daga nan hawa ya fara. Matakala kusan 1,200 ne zuwa sama, don haka mai ciwon gwiwa ta zauna a lambu ta jira mu. A tsakiyar hawan akwai wani tsanin ƙarfe mai murɗewa, an kewaye shi da raga, yana kai mutum wani lungu a jikin dutsen, kimanin mita 100 daga ƙasa. A lungun nan ne matan Sigiriya suke.

Zane ne na fenti a kan shafen bango, launin ja da rawaya da kore, kuma bai koɗe ba. Mata ne, an zana su daga ƙugu zuwa sama kamar suna fitowa daga cikin gajimare. Ga sarƙoƙi, ga awarwaro, ga manyan 'yan kunne, ga ado a ka. Wasu na riƙe da fure, wasu da faranti cike da furanni. Wasu farare, wasu masu duhun fata. Tufafin sama kuwa, in ma akwai, shara-shara ne ƙwarai, wannan kam sai a kau da kai. Kimanin 20 suka rage, amma rubuce-rubucen mutanen da suka ziyarci wurin a da sun ambaci mata 500, abin da ya sa masana ke ganin zanen ya taɓa rufe wani babban sashe na fuskar dutsen ta yamma.

Su wane ne? Masana sun daɗe suna jayayya. Baturen nan Bell, wanda ya fara haƙar kayan tarihi a wurin a shekarun 1890, ya ce matan fada ne da kuyanginsu za su kai furanni wurin ibada. Wani babban masani ɗan ƙasar, Senarath Paranavitana, ya ce a'a, siffar gajimare da walƙiya ce aka yi da surar mata, domin sarki ya so dutsen ya yi kama da fadar wani abin bautarsu da ke can cikin gajimare. Wasu suka ce matan sama ne na cikin tatsuniyoyinsu. Ni dai na fi karkata ga cewa ko me aka nufa da su, mai zanen fuskokin matan da ya sani ya kalla, domin ba su yi kama da juna ba, akwai yarinya, akwai wadda ta manyanta. A watan Oktoba na 1967 wasu ɓata-gari suka hau suka watsa wa zanen koren fenti, suka farfasa wasu. Sai da aka ɗauko wani gwani daga Italiya, Luciano Maranzi, ya zo ya goge. An hana ɗaukar hoto a lungun.

In kin sauko daga tsanin sai ki bi ta wani siririn lungu, dutse a hannu ɗaya, bango a ɗaya hannun. Bangon Madubi ake ce masa. Na tubali ne, aka yi masa shafe aka goge shi har yana ɗaukar ido, an ce sarki na ganin kansa a ciki in yana wucewa. 'Yan jagora za su ce miki da farar ƙasa da farin ƙwai da zuma aka haɗa shafen. A wurina wannan bango ya fi fadar da ke sama daraja, ga kuma dalili. Bayan sarki ya mutu wurin ya zama kufai, mutane suka riƙa zuwa kallo daga ko'ina a tsibirin, kamar dai yadda muke yi yanzu. In sun ga matan nan sai su ɗauki wani tsinken ƙarfe su rubuta 'yan baitoci a jikin bangon, da ƙananan haruffa, da yawa har da sunansu da garinsu da sana'arsu. Yawancin rubutun na tsakanin ƙarni na 8 ne zuwa na 10. Paranavitana ya shafe shekaru yana karanta su, a 1956 ya buga guda 685 a littafi mai juzu'i biyu.

Akwai na hakimai, akwai na 'yan kasuwa, da sojoji, da sufaye. Mazan galibi yabon matan suke, wasu na ƙorafin sun sha wahalar hawa amma ko kallo ba su samu ba, wasu na yi musu faɗa wai mijinsu ya mutu amma suna tsaye da ado. Sufayen kuma na gargaɗin kada kyau ya ruɗi mutum. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai mata cikin marubutan. Ɗaya ma haushi ta ji, ta nuna matar da ke jikin dutsen kishi take yi da su. Kin ji fa, kishi da zane! Amma ki lura da abin da wannan ke nunawa. Shekara 1,000 da suka wuce, mace ta bar garinsu, ta hau dutsen nan da ƙafarta, ta iya karatu, ta iya tsara waƙa, ta kuma rubuta da hannunta. Littafin sarakuna ya manta da sunayen matan fada, bango kuwa ya riƙe maganar matan gari. Yanzu an sa shinge, ba a taɓa bangon.

Sai mu fito wani fili a ɓangaren arewa. A nan za ki ga dalilin sunan. Dagin zaki ne guda biyu manya-manya, na tubali da shafe, kowace ƙumba ta kusa tsayin yaro, matakala ta ratsa ta tsakaninsu. Bell ne ya tono su a 1898. A zamanin Kashyapa akwai kai da ƙirji, duk mai son ganin sarki sai ya shiga ta bakin zaki. Kan ya rushe tun tuni. A filin nan jagora zai ce a yi shiru, domin akwai manyan saƙar zuma rataye a jikin dutsen, hayaniya na tayar da ƙudan, har an gina ɗakin raga na fakewa. Birai ma na nan, in kin riƙe ayaba a hannu to ba taki ba ce.

Hawan ƙarshe shi ne mai sa gwiwa rawa, tsanin ƙarfe ne manne da dutse, iska na kaɗawa, ƙasa can nesa. In kin kai sama sai ki tarar da fili mai faɗin kadada ɗaya da rabi da 'yan kai, kamar filin ƙwallo biyu. Gini dai babu, sai harsashi na jan tubali hawa-hawa. Akwai wani babban tafki da aka fafe cikin dutsen, mita 27 a tsawo, 21 a faɗi, yana tara ruwan sama, da wani wurin zama na dutse da ake cewa karagar sarki ce. Ki tuna kowane tubali a nan da ka aka hawo da shi. Ba a rubuta mana mutum nawa suka faɗo ba.

Shekara 18 ya yi a kan mulki. Ya yi ta ƙoƙarin wanke kansa, yana azumi irin nasu, yana gina wuraren ibada, yana dasa lambunan mangwaro. Ya gyara wani babban wurin ibada ya sa masa sunansa da na 'ya'yansa mata biyu, Bodhi da Uppalavanna. Da ya miƙa wa manyan sufaye sai suka ƙi karɓa, suka ce mutane za su ce aikin wanda ya kashe ubansa ne. Sai ya yi dabara ya ce to ya ba mutum-mutumin Budda, sannan suka karɓa. Hannu ya ƙi, aljihu ya amsa ke nan.

A 495 Moggallana ya dawo ya tara runduna. Abin mamaki, mutumin da ya gina wannan mafaka bai zauna cikinta ba, sai ya sauko ya hau giwa ya tare su a fili. Ana cikin yaƙi ya ci karo da fadama, ya juya giwarsa don ya kewaye. Sojojinsa suka ga sarki ya juya, suka ce ai gudu yake, kowa ya ranta a na kare. Da ya ga saura shi kaɗai sai ya zare wuƙa ya yanke maƙogwaronsa. Moggallana ya yi masa jana'iza irin ta sarakuna, ya mai da mulki Anuradhapura, ya bar wa sufaye dutsen. Amma kada ki ɗauka ƙanen salihi ne. Ya kashe manyan mutane sama da 1,000 da suka goyi bayan yayansa, wasu ya yanke musu hanci da kunne, har aka yi masa laƙabi da dodo. Mai keken dokin nan ya kawo wasiƙarsa, aka ba shi muƙamin mai tsaron ƙofa. Migara fa, wanda bulalarsa ta jawo duk wannan? Ashe yana aika wa Moggallana labarai, don haka ya tsira da ransa da girmansa.

Sai dai ki riƙe wani abu. Sufaye ne suka rubuta littafin nan, ɗaruruwan shekaru bayan abin ya faru, kuma daga gidan da ba ya ƙaunar Kashyapa. Har wani masani ɗan ƙasar, Raja de Silva, ya fito a 2002 ya ce shi a ganinsa wurin bai taɓa zama fada ba, gidan sufaye ne tun asali. Yawancin masana ba su bi shi ba. Sufaye sun zauna a wurin har wajen ƙarni na 14, daga nan daji ya cinye shi. Wani hafsan sojan Ingila, Jonathan Forbes, ya isa wurin a 1831, Hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982.

Mu sauka. Abincin rana shinkafa ce fara da miya kala huɗu ko biyar a ƙananan kwanoni, kusan duk da madarar kwakwa, ga yaji kamar ba gobe. Daga nan Dambulla bai kai kilomita 20 ba.

A bakin hanya za ki ga wani ƙaton mutum-mutumin Budda ruwan zinare, mita 30, wannan sabo ne, a 2001 aka gama shi. Na tarihin yana sama, sai an ƙara hawa, ko da yake bai kai na safe wuya ba. A ƙofa ana cire takalmi, kuma dole a rufe kafaɗa da gwiwa, Turawa masu gajeren wando sai su ɗaura zane. Dutsen yana ƙuna da rana, mai dabara takan tafi da safa. Daga farfajiyar, in sama ta yi garau, kina hango Sigiriya can nesa.

Wannan wuri ya girmi fadar Kashyapa da kusan shekara 600, kuma shi ma sarki mai gudu ne silarsa. A shekara ta 103 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Valagamba yana da wata biyar kacal a kan gado mayaƙa daga kudancin Indiya suka ci shi da yaƙi. Ya ɗebi iyalinsa a keken doki ya gudu, abokan gaba na biye. Keken ya yi nauyi. Cikin matan ɗaya, Anula, tana da juna biyu, ga yara maza biyu. Sai ɗaya matar, Somadevi, ta sauka don keken ya yi sauƙi su tsira. Sarki ya ciro lu'ulu'un rawaninsa ya ba ta. Aka kama ta, ɗaya daga cikin shugabannin mayaƙan ya tafi da ita Indiya. Wato ta sauka ne domin mai ciki da yaran su tsira. Wannan kam marubutan sun ambaci sunanta, sun kyauta.

Valagamba ya yi shekara 14 yana ɓuya a dazuzzuka da duwatsu, sufaye na taimakonsa, kuma mutanen wurin sun riƙe cewa kogon Dambulla na cikin inda ya fake. A shekara ta 89 ya ƙwato mulkinsa. Ya aika aka dawo da Somadevi, ya mai da ita matsayinta, ya gina wurin ibada da sunanta. Kogon da ya ɓoye shi kuma ya sa aka gyara shi ya zama haikali. A zamaninsa ne ma, bayan wata muguwar yunwa da ta kashe sufaye da yawa, waɗanda suka rage suka tsorata kada karatunsu ya ɓace, domin duk da ka ake riƙe shi, sai suka taru a Aluvihara, kusa da garin Matale, suka rubuta littattafan addininsu a kan ganyen wani irin giginya.

Kogo biyar ne a jere ƙarƙashin dutse guda. Mu tarihi ya kawo mu, masu wurin kuwa ibada suke, za ki gan su da fararen kaya da furanni a hannu, sai a ba su hanya. Akwai mutum-mutumin Budda 153, na sarakuna uku, da huɗu na abubuwan bautar Hindu. A kogo na farko akwai wani a kwance, mita 14, daga jikin dutsen aka sassaƙa shi. Na biyu ya fi girma, mita 52 a tsawo. In kin ɗaga kai, rufin gaba ɗaya zane ne, ya bi lanƙwasar dutsen har sai ki ɗauka ƙyalle aka shimfiɗa. Faɗin zanen kogwannin duka ya kai murabba'in mita 2,100. A cikin kogon an ajiye tukunya, ruwa na ɗigowa cikinta daga wata tsaga a rufi, ko da rani ba ya yankewa, da shi suke hidimar ibadarsu.

Bambancinsa da Sigiriya shi ne nan ba a taɓa barinsa ba. Sarki Nissanka Malla, wanda ya yi mulki daga 1187 zuwa 1196, ya shafa wa mutum-mutuman zinare, shi ya sa ake ce wa wurin Rangiri, wato dutsen zinare. Sarkin Kandi, Kirti Sri Rajasinha, ya sa aka sabunta zanen a ƙarni na 18, yawancin abin da ido ke gani yau na lokacinsa ne. A 1848, da Turawan Ingila suka ɗora sababbin haraji har a kan bindiga da keken shanu da kare, a nan masu tawaye suka naɗa wani Gongalegoda Banda sarki. Tawayen bai yi nisa ba, aka kama shi, aka yi masa bulala, aka kore shi daga ƙasar. UNESCO ta sa Dambulla cikin jerinta a 1991.

Akwai wani abu da ba kowane jagora zai gaya miki ba. A cikin garin akwai Musulmi, kuma a watan Afrilu na 2012 wani gungun mutane, wasu sufaye na gaba, suka far wa masallacinsu ranar Juma'a suka hana salla, suna cewa an gina shi a ƙasar haikali. Musulmin suka ce shekara da shekaru suna salla a wurin. Gwamnatin lokacin ta ba da umarnin a matsar da masallacin, abin ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasar, har da mabiya Budda da suka fito suka ce ba da yawunsu ba.

In an sauko, direba yakan bi ta babbar kasuwar kayan gwari ta Dambulla, inda manyan motoci ke sauke albasa da kabewa da ayaba da barkono dare da rana, daga nan ake rarraba wa sauran sassan ƙasar. Mai komawa Kandi tana da kilomita 72 a gabanta, hanyar ta bi ta Matale, ana tsayawa a lambunan kayan ƙamshi a sayi kirfa da masoro. Mai komawa Kolambo kuwa kilomita 148 ne, sai bayan isha za ta isa.